Zuma, Jiri da Hannun Umma

Mokpo,
Tsakiyar Disamba.

Zuwa ga ƙanwata Hyesun,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da baban Harin da yaran duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a wannan ƙasa mai nisa, ya raya yaran nan su tashi da jin magana. Mu nan duk lafiya, sai sanyi da ya shigo da ƙarfinsa, iskar teku tana ratsa mutum har ƙashi, alhali ke kina can New Zealand kina fifita wai zafi ya dame ki. 'Yarki ta wajena, Nari, ta gama jarrabawa, ta ce ta yi kyau, amma kin san halinta, ko farar takarda ta miƙa haka za ta ce. Babanta yana nan yana fama da aikin tashar jiragen ruwa, yana kuma fama da ni. Ƙanenmu Dongchol ya sayi sabuwar mota, tun daga ranar ba a ƙara jin wata hira a bakinsa ba. Umma kuwa tana ƙauye da ƙarfinta, gwiwa ce kawai ke damunta, baki kam lafiyarsa ƙalau.

Kwalaben zumar da kika aiko don jinyata sun iso ba wadda ta fashe, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma don Allah, Hyesun, kada ki ƙara aiko wata. Na san yanzu kin ɓata rai kina cewa Yaya ba ta da godiya. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Da a waya ne, ina fara magana za ki katse ni, shi ya sa na nemi biro da takarda, domin takarda ba ta katse mutum.

Kin san abin da ya sa na yarda aka yi mini tiyatar rage tumbi. Ba don kwalliya ba ne. Shekara da shekaru ina ɗinka wa matan Mokpo kaya, na auna ƙugu iri-iri, ban taɓa ƙyashin na kowa ba. Ciwon suga ne, da hawan jini, da gwiwoyin da suka daina ɗaukata zuwa benen shago. Ranar da likita ya tsikari yatsun ƙafata na ce masa ban ji komai ba, Baba na gani a gabana, yana kwance a gadon asibiti, bargo ya lotsa a inda ƙafarsa ta dama take a da. Ke ba kya nan lokacin, ni ce na riƙa gyara masa bargon har ya rasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A ranar na ce ko da yanka ne a yanka ni, ni dai da ƙafafuna biyu zan je bikin Nari.

Da aka sallame ni, Umma ta kafe sai in je ƙauye in yi jinya a wurinta, wai baban Nari ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, kuma ba sharri ta yi masa ba. A asibiti sun gaya mini za a yi kasala, amma ji daban, gani daban. Kin san a ɗakin Umma a ƙasa ake kwana. To, tashi daga shimfiɗar nan ya zame mini babban aiki. Ina miƙewa sai idona ya yi duhu, kunnuwana su ɗauki ƙara, ɗakin ya shiga juyawa, sai na rungumi ƙofa kafin duniya ta tsaya wuri ɗaya. Wanke kai kaɗai sai ya cinye mini ƙarfin yini guda. Ni da nake taka keken ɗinki daga safe har yamma ina surutu, sai ga shi in na zura zare a allura sai na huta. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Na riƙa tunanin ko na sayar da ƙarfina ne na sayi rama.

Umma kuwa tana ganin haka ta yanke hukunci: yunwa ce. Kin san ta. Matar da tun muna yara ba ta taɓa ce mana sannu da zuwa ba, ba ta taɓa cewa ta yi kewarmu ba, gaisuwarta ɗaya ce ko a ƙofar gida ko a waya: kin ci shinkafa? Kuma kin san labarin ƙanenta da ya mutu a goye a bayanta tana yarinya, a bazarar da shinkafa ta ƙare sha'ir bai nuna ba. A wurin Umma, duk wanda jiri ke ɗiba, hanyar yaron nan ya kama. Sai ta ɗaura ɗamarar ceto na. Da safe ruwan ɗumi da zumarki cokali biyu, wai zumar ƙasar waje ce, ta fi magani. Da rana ruwan shinkafa mai zaƙi da take haɗawa da kanta. Da na fara cin abu mai ɗan kauri kuwa, sai farar shinkafa a tsome cikin romo, ta tsaya a kaina sai na shanye. In na ce a asibiti an hana ni zaƙi, an kuma hana ni haɗa ci da sha, sai ta ce likitocin yanzu yara ne da aka haifa a cikin ƙoshi, ina suka san yunwa.

Ni kuma sai in karɓa in sha, domin waye ya taɓa mayar wa Umma da kwano? Bayan ɗan lokaci sai gumi ya karyo mini a cikin sanyin nan, zuciyata ta shiga dukan uku-uku, hannuwana su ɗauki rawa, jiri ya kwantar da ni. Umma ta leƙo ta gan ni shame-shame, sai ta ce, "Kin gani ko? Ƙarfi ne babu," ta koma ta ƙara damo wata zumar. Haka muka yi ta zagaye ni da ita, tana ba ni abin da ke kayar da ni don ta tashe ni. Ruwa kuwa, ruwa zalla, kusan ban sha ba, saboda ɗan tumbin da ya rage mini kullum a cike yake da kayan zaƙi.

Ana haka lokacin kimjang ya zo, lokacin haɗa kimchi, kabejin nan mai yaji da muke adanawa mu ci duk hunturu. Na ce bana a rage kabejin tunda ni ba ni da amfani, Umma ta ce gidan da ya rage kimchin hunturu gidan da aka yi mutuwa ne, ita kuwa ba a yi mutuwa a gidanta ba. Dongchol ya sauke kabeji tuli guda a tsakar gida. Ranar da ake barbaɗa gishiri na ga Umma da gwiwarta tana durƙusawa, matar Dongchol tana ta haki ita kaɗai, zuciyata ta ƙi. Na shanye kofin zumata, na sa takalmin roba, na tsuguna gaban baho ina tsaga kabeji. Na yi ɗan aiki kuwa, har ina jin daɗi. Sai na miƙe da sauri zan jawo tiyo. Abin da na iya tunawa ke nan. Na farka na ga sama, na ga fuskar matar Dongchol tana kuka, goshina yana zubar da jini inda ya daki bakin tulun ƙasa. Da ya sauko kaɗan, da ido ne.

Baban Nari ya zo ya kwashe ni zuwa asibiti. Da muka kusa isa sai ya ce shi dai ya auri mace, bai san kabeji ya aura ba da za a tsince ta a cikin baho. Na so in yi dariya, amma na ga ba wasa a fuskarsa. Bayan an ɗinke goshin, ma'aikaciyar da ke kula da abincin masu irin tiyatata ta zaunar da ni ta ce in faɗa mata duk abin da ke shiga bakina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na zayyana mata tas. Ta dafe kai. Ta ce yanzu cikina ba ya riƙe abinci kamar da, zaƙi yana zubawa cikin hanji gaba ɗaya, suga ya hau da gudu sannan ya faɗo da gudu, shi ne gumin da rawar jikin. Duhun da nake gani in na miƙe kuwa rashin ruwa ne a jiki, ga kuma maganin hawan jinin da nake sha yadda nake sha tun ina da ƙiba. Likita ya rage maganin, ya ƙara mini na ƙarin jini. Sannan ya faɗa mini a fili cewa in na ci gaba a haka, ko in faɗi a inda ba tashi, ko sugan da na gudo masa ya dawo, in tashi a tutar babu, ga yanka ga ciwo.

Baban Nari ya ce mu wuce Mokpo kawai, shi zai kira Umma ya ce likita ya riƙe ni. Na ce a'a. In na gudu yau, gobe za ta biyo ni da tukunya a cikin bas, kin san za ta aikata. Maganar nan dole a yi ta, kuma ni ce zan yi ta. Washegari ya mayar da ni ƙauye da filasta a goshi, daidai ranar da ake cusa yaji a kabeji.

Tsakar gida cike take da matan unguwa, kowa da jar safar roba har gwiwar hannu, ƙamshin tafarnuwa da barkono da jatan lande ya cika ko'ina. Gwaggo 'yar Jindo, maƙwabciyar Umma, tana hango ni ta ɗaga murya ta ce, "Ga 'yar birni nan da ta biya a sace mata rabin ciki! Ke Miran, ina sauranki? Ko kin baro shi a asibiti?" Na ce mata yana can an ajiye mata, in tana so ta je ta karɓa ta ƙara a nata, aka yi ta dariya. Aka ba ni kujera a bakin ƙofa aka lulluɓe ni da bargo kamar kayan gado. To, kin san al'adar ranar. Umma ce ke fara yagar ganyen farko da aka shafa wa yaji, ta naɗe yankan nama a ciki, ta sa a bakin babbar 'yarta da hannunta, in ɗanɗana in ce gishiri ya ji ko bai ji ba, sannan kowa ya ci. Tun ina budurwa bakina ne ma'aunin gidanmu. Sai ga ta nan tafe tana ɗingishi, loma a hannun dama kusan girman ƙwai, jajawur, a hagu kuma kofin zumarki yana tururi. Ta ce in buɗe baki, in bi da wannan, jinin da na zubar ya dawo.

Hyesun, ban taɓa jin nauyin wani abu kamar hannun nan da ke tsaye a gaban bakina ba. Mata duk sun zuba ido. Na rufe bakina, na kama wuyan hannunta a hankali, na ce, "Umma, ba zan ci ba. Zumar ma na daina sha daga yau."  Gwaggo 'yar Jindo ta so ta gyara, ta ce ai yaran yanzu sai a hankali, amma ba wanda ya taya ta. Umma ta dube ni, ta dubi lomar, ta ajiye ta a gefen baho, ta zare safarta ɗaya bayan ɗaya, ta zagaya bayan gida wurin tulunan miya.

Na tashi in bi ta, kuma ko a wannan halin sai da na yi yadda aka koya mini: na zauna a bakin kujera, na miƙe a hankali, na dafa bango har duhun ya wuce. Na same ta tana goge murfin tulun da ba shi da datti. Na yi mata bayanin duk abin da aka gaya mini, na ce zaƙin ne ke kayar da ni, na ce ina tsoron in bi hanyar Baba. A nan na yi kuskuren baki, domin kin san har ya rasu ba ta fasa kai masa ruwan shinkafa mai zaƙi a ɓoye a asibiti ba. Ta juyo ta ce, "Wato ni na kashe ubanku ke nan." Na ce wallahi ba haka nake nufi ba, ciwo ne ya kashe Baba, ita kuwa ta ba shi abin da take da shi ne. Sai ta ɗaga hannuwanta biyu ta nuna mini, duk sun tsattsage da gishiri, ta ce, "To ni me zan yi miki da waɗannan? Ban yi makaranta ba, ban iya magana mai daɗi ba. Ciyarwa kaɗai na iya. In kin ƙi abincina, me ya rage tsakanina da ke?" Na yi kuka, Hyesun, kuka sosai. Amma ban janye ba. Na ce mata ban ƙi abincinta ba, cikin ne ya koma na jariri, a ciyar da shi irin na jariri: ƙwai, awara, farin kifi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ba zaƙi, ruwa kuma a tsakani ba tare da abinci ba.  Ta koma cikin mata, ta sa matar Dongchol ta ɗanɗana gishirin, har aka watse ba ta ƙara duban inda nake ba. Na kwanta ina jin kamar na mari mahaifiyata a gaban jama'a.

Da safe na ji an turo ƙofa da ƙafa. Ta dire ɗan teburin cin abinci a gabana ba ko sannu. A kai akwai ƙaramin kwanon tagullar nan da aka saya ranar da na cika shekara ɗaya a duniya, wanda ke ma kika ci a ciki, Dongchol ma ya ci. Ban san tana ajiye da shi ba. Ta goge shi yana ƙyalli, a ciki turararren ƙwai ne mai laushi, ga ɗan cokalinsa a gefe. Ta ce, "Tunda kin koma jaririya, ga kwanonki. In kika rage ko kaɗan sai na ci mutuncinki." Na cinye tas, a hankali, tana zaune tana hararata tana cewa in tauna, wai wa ke korata.

Tun daga ranar na shiga uku ta wata hanyar. Umma ta dafa shayin sha'ir ba suga ta cika buta, duk inda na juya tana bayana da kofi. In na kai hannu ga ruwa ina cikin ci, sai ta buge hannun ta ce ba haka likita ya ce ba, ita da ta ce likitoci yara ne. In zan tashi sai ta daka mini tsawa in zauna tukuna. Zumarki kuwa ta rabar wa tsofaffin unguwa, Gwaggo 'yar Jindo ta samu kwalba guda, ta ce a gaya miki tarinta ya tafi, ki ci gaba da aikowa da sunanta.

Kada ki ɗauka na warke. Har yanzu jiri yana zuwa, musamman da safe ko in na fito daga wanka, kuma akwai ranakun da ƙarfina ke ƙarewa tun kafin rana ta raba. Amma gumin nan da rawar jiki sun tafi, ban ƙara faɗuwa ba. A ƙauye na fara da zagaya tsakar gida ina dafa bango, sannan na kai bakin gonar kabeji, kafin in dawo Mokpo har gadar rafi nake zuwa in dawo da ƙafata. Sugana ya sauka yadda likita da kansa ya yi murmushi. Jiya na hau keken ɗinki na rage wa kaina siket biyu, na gaji, na kwanta, na tashi na ƙarasa. Sannu ba ta hana zuwa. Na sa a raina zan buɗe shago kafin furanni su fito, kuma kimjang na baɗi ni zan ɗanɗana gishirin, ko da ɗan ganye ne kamar farce.

Abin da nake roƙon ki shi ne, in kin kira Umma kada ki ce mata na rame a hoto, kada ki ce ta ba ni wani abu mai ƙara ƙarfi. Da ƙyar na samu ta tsaya a inda take, kalma ɗaya daga bakinki za ta iya mayar da ita gidan jiya. Ki yabe ta kawai, ki ce kin ji labarin ƙwanta. Kuma ke ma ki je a duba sugan jininki, kada ki ce mini ba lokaci, jininmu ɗaya da Baba.

Ki gaishe mini da baban Harin da kyau, ki ce ina godiya da ɗawainiyar aike. Ki shafa mini kan Harin da Doyun, ki ce babbar innarsu tana nan tana ƙanƙancewa, in suka zo sai sun neme ta da fitila. Baban Nari yana gaishe ku, Nari ta ce a tuna miki alkawarin jakarta, Dongchol da matarsa da motarsa duk suna gaisuwa. Kimchinki yana hanya, Umma ta ɗaure shi da kanta.

Ina cikin rubuta wannan shafin Umma ta kira ni a waya. Ta ce in tambaye ki ko kin ci shinkafa, domin ke har yanzu tambayarki ke nan. Ni kuwa tawa ta canja. Ina ɗaga wayar, kafin in ce komai, na ji muryar nan da ta shekara hamsin tana yi mini tambaya ɗaya ta ce, "Miran, kin sha ruwa?" Na ce na sha, Umma. Ta ce ƙarya nake, in tashi a hankali in je in ƙara, tana jira a kan layi. Na tashi a hankali, na je na sha.

Taki har kullum,
Yayarki Miran.